Abin da akwatunan Timbuktu suka koya mini

Labarin da duniya ta sani game da takardun Timbuktu gajere ne. A 2012 masu ɗauke da makamai suka mamaye arewacin Mali, iyalai masu ɗakunan littattafai suka riƙa zuba gadonsu cikin akwatunan ƙarfe suna fitar da shi a ɓoye zuwa Bamako, wasu ta mota, wasu ta jirgin ruwa a kan kogin Kwara. Abdulƙadir Haidara, mai ɗakin karatu na Mamma Haidara, shi ya jagoranci aikin. A Janairun 2013 kuma aka cinna wa rubuce-rubuce kusan 4,000 wuta a Cibiyar Ahmad Baba, ma'ajiyar takardu ta gwamnati da ke Timbuktu. Adadin da aka ce an tserar ya kai wajen 350,000. Iyakar abin da na sani ke nan lokacin da na shiga sahun masu tantance irin waɗannan takardu a wani ɗakin aiki a Bamako, ina ɗalibin tarihi.

Abin da ya fara sauya mini tunani shi ne wannan adadi. Mai sauraro yana jin 350,000 sai ya ɗauka littattafai ne masu kauri. A wurin masu tantancewa kuwa, warƙa ɗaya tak mai layi shida ita ma lamba guda take ci. Littattafan taurari da likitanci da 'yan jarida ke son nunawa suna nan, amma ba su ne suka cika akwatunan ba. Abin da hannu ya fi cin karo da shi su ne Alƙur'ani, Risala, Muhtasar, Ashafa, Dala'ilu, Ishiriniya, wato littattafan da duk wanda ya zauna a zauren malami a Kano ko Damagaram ya sani. Bayan su sai tarin ƙananan takardu: wasiƙu, fatawowi, takardun bashi, rabon gado, shaidar 'yanta bawa, hatimai da layu.

Da yawa daga baƙin da ke leƙo mu jikinsu yakan yi sanyi idan suka ji haka. Ni kuwa a nan na ga dukiyar take. Risala dai Risala ce, ana samun bugaggiya a kowace kasuwa. Amma takardar da ke cewa wane yana bin wane allunan gishirin Taudeni (mahaƙar gishiri a hamadar arewacin Mali) kaza, za a biya da miskalin zinariya kaza idan ayari ya iso, ga shaidu, wannan babu kwafinta a ko'ina cikin duniya. Daga irin waɗannan ne masana suka gano yadda fataken Gadamas na ƙarni na 19 ke tafiyar da kasuwancinsu a Timbuktu da garuruwan bakin kogi, har da bayinsu masu ilimi da ke musu wakilci suna rubuto wasiƙa da Larabci, suna ba da rahoton farashi da lissafin kaya. Babu wani littafin tarihin sarakuna da ya damu ya ambaci waɗannan mutane. Wasiƙun gida ne suka riƙe sunayensu.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na tsarin takardu, kuma a kansa zan daɗe.

Littattafan wannan yanki ba ɗinkakku ba ne. Warƙoƙi ne a sake, a haɗa su cikin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a saka a gafaka. Babu lambar shafi. Abin da ke nuna jere shi ne kalmar da marubuci ke ajiyewa a ƙasan shafi, wadda ita ce kalmar farko ta shafi na gaba. Saboda littafin a buɗe yake, mai shi yakan mai da shi ma'ajiya. Ya karɓi wasiƙa ya cusa a ciki. An haifa masa ɗa ya rubuta ranar a gefen shafi. Wata rana mun kwance wani kwafin Risala, a tsakiyar babin ciniki muka tarar da 'yar takarda a ninke huɗu, tawadarta ta koma ruwan ƙasa. Tambaya ce wani ya aiko wa malamin gidan a kan bashin gero da aka yi alkawarin biya da gishiri. A gefen shafin da take kwance kuma, da wani alƙalami mai sirara, ga bayanin malamin a kan wannan mas'ala daidai. Wato tambayar ce ta sa ya buɗe babin, ya yi nazari, ya bar takardar a wurin. Da wani mai son tsabtar aiki ya zare ta ya kai jakar wasiƙu, da mun sami wasiƙa marar amsa a wuri ɗaya, da sharhi marar dalili a wani wurin, kuma har abada babu mai sake haɗa su.

Na ga akwatin da aka yi wa hakan. Waɗanda suka riga mu taɓa shi sun tsame duk ƙananan takardun sun tara a jaka ɗaya, fiƙihu gefe, waƙoƙi gefe. Da kyakkyawar niyya suka yi, amma ɓarnar ba ta gyaruwa.

Masu adana takardu a Faransa sun kafa ƙa'ida a kan wannan tun 1841: duk abin da ya fito daga gida ɗaya ko ma'aikata ɗaya a bar shi tare, kada a gauraya shi da na wani ko da batunsu ɗaya ne. Ita ake koyarwa a yau a makarantun adana tarihi na ƙasashen da ke aiki da Faransanci. Abin takaici shi ne takardun Afirka ba su ci moriyarta yadda ya kamata ba a hannun waɗanda suka kafa ta. A 1890 Kanar Archinard na sojan Faransa ya ci Segu, a ƙasar Mali ta yau, ya kwashe ɗakin littattafan gidan Alhaji Umaru Futi, wanda ke hannun ɗansa Ahmadu. Aka kai su babban ɗakin karatu na ƙasa a Faris, aka ɗinke warƙoƙin cikin mujalladai kusan 500, a wurare da yawa an haɗa abubuwan da ba su da dangantaka. Sai a 1985 aka fitar da cikakken jerin abin da ke ciki. Wannan gida ba baƙo ba ne a wurinmu. Alhaji Umaru ya yi shekaru a Sakkwato, ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a cikin waɗannan mujalladai akwai rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello. Rubutun yana nan ana karantawa. Abin da ya salwanta shi ne sanin wace takarda ke kwance kusa da wace a Segu.

Misali mafi zafi shi ne Tarikhul Fattash, littafin tarihin daular Songhai. A 1913 wasu masana Faransawa, Houdas da Delafosse, suka buga shi a Faris bayan sun haɗa kwafi uku da ba su yi daidai da juna ba suka mai da su littafi ɗaya. Shekaru da dama ana karanta shi a matsayin aikin da wani malami, Mahmudu Kati, ya fara a zamanin Askiya Muhammadu, sarkin Songhai, jikansa kuma ya kammala. A ciki akwai bushara cewa wani halifa na goma sha biyu mai suna Ahmadu zai bayyana a Masina, a tsakiyar Mali ta yau. A 1971 masanin tarihi Nehemia Levtzion ya nuna cewa wannan sashe ƙari ne na ƙarni na 19, an yi shi don ƙarfafa mulkin Shehu Ahmadu Lobbo, mai daular Masina, kuma binciken Mauro Nobili na baya-bayan nan ya danganta aikin ga Nuhu ɗan Ɗahiru, na hannun daman Shehu Ahmadun. Da tun farko an buga kowane kwafi da kansa, tare da bayanin hannun da ya fito, da ba a ɗauki tsawon wannan lokaci ba kafin a gane.

Saboda haka doka ta farko a teburinmu ita ce: kafin ka motsa komai, rubuta yadda ka same shi.

Sai maganar shekarun takarda. Ba a yin takarda a yankin, daga ƙetaren hamada take zuwa, kuma mai yawa a ƙarni na 19 daga arewacin Italiya ta fito, ta bi ta Tarabulus ko Masar. Idan ka ɗaga warƙa wajen haske za ka ga alamar masana'anta a jikinta, mafi yawa jinjirin wata uku a jere. Rubutu ba ya girme takardar da ke ɗauke da shi. Sau da yawa iyali kan ce kwafinsu ya shekara ɗari takwas, takardar kuwa ta nuna bai wuce ɗari biyu ba. Faɗa wa mai gida wannan yana buƙatar ladabi. Ba ƙarya yake yi ba. Mawallafin Risala ya rasu tun 996 Miladiyya, don haka littafin ya ma haura shekara dubu, kwafin ne sabo, wataƙila an kwafe shi daga wani da gara ta cinye.

Wani dattijo daga cikin masu akwatunan yakan zo ya zauna kusa da mu. Wata rana na nuna masa wasiƙa marar kwanan wata, marar sunan mai aikowa. Na ce, “Baba, ko kun san hannun nan?” Ya kawo ta kusa da idonsa ya ce, “Ɗana, wannan ai ƙanin kakana ne, wanda ya zauna a Arawan. Dubi yadda yake jan wutsiyar nun. Bayan rasuwar yayansa ya rubuto, shi ya sa bai gaishe shi ba.” Cikin numfashi ɗaya ya ba mu marubuci, da gari, da kusan shekara. Na rubuta a katin takardar, na kuma sa cewa daga bakin mai gida bayanin ya fito, don mai zuwa bayana ya san abin da aka gani a takarda da abin da aka ji da kunne. Irin wannan sani ba ya cikin akwati, kuma masu shi tsofaffi ne. Ɗakin littattafan Ahmad Bul'araf, wanda ya tara rubuce-rubuce sama da 2,000 a Timbuktu yana biyan masu kwafi, watsewa ya yi bayan rasuwarsa a 1955.

Danshin Bamako, wanda takardun da suka saba da busasshiyar iskar sahara ba su san shi ba, matsala ce da kuɗi da na'ura ke iya magancewa, kuma an yi ƙoƙari. Wadda ta fi wuya ita ce ta hoto. Da zarar an ɗauki hoton takarda an ɗora a intanet, ta fita daga hannun gidan. Ga Risala babu damuwa. Amma akwai takardar da ke cewa kakan wane bawa ne, ga jikokinsa nan a gari suna aure da jikokin ubangidan. Akwai rabon gadon da har yau ake jayayya a kansa. Akwai asirin da mai gida ya yi imani ba a buɗe shi sai da izini. Ɗalibin tarihi a cikina yana son a buɗe komai, domin waɗannan su ne takardun da suka fi faɗin gaskiyar zamaninsu. Amma na zauna da masu su, na ga ba gardama ce ta jahilci ke sa su riƙe ba. Dattijon nan ya yarda a ɗauki hoton littattafansa duka da yawancin wasiƙun, ya ware wata 'yar jaka ya ce ita sai ya shawarci 'yan'uwansa. Muka sa mata lamba, muka rubuta yawan warƙoƙinta da girmansu, muka mayar masa ba tare da an ɗauki hoton ko ɗaya ba.