Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Sai An Tambayi Dangin Uwa

A makon jiya na tsaya ne a inda na baro Zariya na dawo Kaduna, ga aure ga sabon aiki, bayan na gama ƙwarewa a fannin cututtukan jini. Ana yawan tambayata me ya kai ni ga ciwon rashin daskarewar jini, alhali ga sikila nan ta cika mana gidaje. Wanzamai ne suka kai ni, ko da yake su ba su sani ba.

Duk shekara in hunturu ya kama aka yi hutun makaranta, lokacin shayin yara ya zo ke nan a Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi da ƙauyukan kewaye. Yawanci lafiya lau ake gamawa, a barbaɗa garin bagaruwa, yaro ya ci kajinsa ya warke. Amma ba a rasa wanda za a kawo mana a kafaɗa, zanen da aka naɗe shi ya jiƙe sharkaf, tafin hannunsa fari fat. Jinin ba feshi yake ba. Tsattsafowa yake a hankali, ya ɗan tsaya har a yi hamdala, cikin dare ya dawo. Jarirai kuma cire beli ne ke kawo su. Sai a ƙara wa yaro sabon jini, zubar ta tsaya, a sallame shi, a rubuta a kati cewa kaciya ce ta zo da matsala. Ba wanda ya lura cewa jinin da aka ƙara masa ne ya ara masa abin da jikinsa ya rasa, kuma aro ne na 'yan kwanaki. Iyaye su koma gida da nasu bayanin: gangancin wanzami, ko baki, ko maita.

Akwai sinadarai fiye da goma a cikin ruwan jini masu aikin daskarar da shi, likitoci sun ba su lambobi. Kowanne yana tayar da na gaba da shi ne, kamar leburori sun yi layi suna miƙa bulo hannu da hannu zuwa ga magini. In mutum ɗaya ya fice daga layin, ga bulo ga magini, amma gini ya tsaya. Wanda aka haifa da ƙarancin sinadari na 8 shi ne mai himofiliya A, kuma ana samunsa a kusan ɗaya cikin jarirai maza 5,000 a ko'ina a duniya, babu ruwan ciwon da baƙi ko fari. Mai ƙarancin na 9 shi ne nau'in B, bai kai na farkon yawa ba ko kusa. Na auna wannan lissafi da cunkoson mutanen Kaduna, na dubi 'yan tsirarun sunayen da ke littafinmu, na ce to ina sauran? Wasu suna maƙabarta. Wasu suna gidan mai ɗori ana murza musu kumburarriyar gwiwa, alhali jini ne ke taruwa a cikin gaɓar, murzar ƙara shi take. Wasu an ce sikila ce, mai kemis yana ta caka musu allura a ɗuwawu yana ba su asfirin, abubuwa biyu da bai kamata su kusanci irin wannan yaro ba.

A asibiti uba ne ke amsa tambayoyi, uwa tana gefen gado ta sunkuyar da kai. Duk uban da na tambaya ko akwai irin wannan a danginsu, amsarsa ɗaya ce: "Wallahi likita babu. An yi wa kakana shayi, an yi wa ubana, an yi mini, ba abin da ya same mu." Gaskiya kuwa yake faɗa. Ƙwayar gadon wannan ciwo tana kan wani zaren gado ne da ake kira kuromosom X, ɗa namiji kuma daga uwarsa kaɗai yake samun X. Mu kuwa ta wajen uba muke ƙirga zuri'a. Don haka ake ta tambaya ana ta samun "babu", ana rubutawa.

Wata rana da yamma kakar wani yaro ta wajen uwa ta zo da abinci a kula. Na ja kujera kusa da ita, bayan mun gaisa na ce, "Inna, cikin 'ya'yanki maza, akwai wanda jini ya taɓa ba shi wahala?" Ta ajiye kular a ƙasa, ta daɗe tana kallona. Sai ta fara lissafi da yatsu. Ɗanta na fari a ɗakin shayi ya rasu. Wani kuma faɗuwa ya yi ya ciji harshe, aka kwana uku ana tara masa kwano. Ƙaninta uwa ɗaya, ƙaho aka yi masa a ƙeya. Ta ce, "'Yar nan, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Cewa aka yi kishiyata ce ta cinye su, har ta mutu ba ma ga-maciji." A bayan katin yaron na zana bishiyar gidan, murabba'i ga maza, da'ira ga mata, na cike na waɗanda suka rasu da biro. Ko wanda bai yi boko ba zai ga ta inda abin ke bi.

Daga nan na koma bin mata har cikin gida. Kasancewata mace ya buɗe mini ƙofofin da aka rubuta "ba shiga" a kansu, ciwon 'ya mace kuwa na 'ya mace ne. Sai dai bayanin yana da kaifi. Da ka ce ta wajen uwa ciwon ke zuwa, uwar miji ta samu abin da take nema. Don haka ba na faɗa sai na haɗa mata da miji wuri ɗaya, in da hali da wani dattijo da suke jin nauyinsa. In nuna musu cewa kowane cikin ɗa namiji rabi-da-rabi ne, yana iya zuwa da ciwon, yana iya zuwa lafiya garau. In nuna cewa namiji mai ciwon shi ma yana gadar da ƙwayar ga duk 'ya'yansa mata, ke nan wata daga ubanta ta ɗauko. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon ma ba su da tarihi a kowane ɓangare. Wasu mazan suka fahimta. Wani kuwa ya saurara har ƙarshe, ya yi mini godiya, kafin wata ya zagayo ya miƙa wa matar takarda. Babu mujallar kimiyya da ke da gurbin rubuta wannan.

Wanzaman da kansu da farko gudu na suke, a zatonsu 'yan sanda zan haɗa su da su. Wani tsoho daga Tudun Wada ya zo da zabirarsa a hammata, rai a ɓace. Na ce, "Baba, ba ƙararka na kawo ba, ilimi nake nema a wurinka." Na ba shi labarin Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan fiɗa na Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, wanda ya rubuta a littafinsa At-Tasrif labarin wasu mutane da mazansu ke mutuwa da zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni. Tsohon ya gyara zama. Ya ce, "Likita, ai mu ma mun san akwai gidan da ba a kai wa aska. Ubana ya nuna mini wani, ya ce ko nawa za su ba ka kada ka taɓa ɗansu." Sanin yana nan, ba a dai haɗa shi da dangin uwa ba. Tare muka tsara 'yan tambayoyin da wanzami zai yi kafin ya zaro aska: ko wani kawun yaron ya rasu da zubar jini, ko jikinsa na yin taruwar jini tun yana rarrafe, ko gwiwarsa na kumbura ba dalili. Muka rubuta da boko da ajami a shafi ɗaya.

Aikin ɗakin gwaji kuma da hannu muke yinsa. A ɗebi jini a kwalba mai shuɗin murfi, kashi 9 na jini kashi 1 na maganin hana daskarewa, kuma dole a gwada cikin awa 4. A tace ruwan jinin, a sa kwalbar gwaji cikin ruwa mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, a ɗiga masa maganin da ke tayar da daskarewa, ina karkata ta da hannun dama, agogon ƙirga daƙiƙa a hagu. Na mai lafiya yakan kama cikin daƙiƙa talatin da 'yan kai. Na waɗannan yara sai a wuce minti guda yana nan tsululu. In muka gauraya shi rabi-da-rabi da na mai lafiya ya gyaru, mun san wani sinadari ne babu. Don bambance A da B kuwa, mukan gauraya da ruwan jinin wanda muka riga muka tabbatar mai nau'in A ne: in ya gyaru, to abin da suka rasa ba ɗaya ba ne. Da irin wannan dabara masu bincike a Okusfod suka bayyana nau'in B a 1952. Wannan ruwan jini da muke ajiyewa a firiza ya fi mini gwal. In aka ɗauke wuta ta daɗe, a kula nake zuba shi da ƙanƙara in kai gidan da janareto ke aiki.

Na rubuta maƙala na aika wata mujalla a Turai. Masu tacewa suka ce sai na kawo adadin sinadarin kowane yaro kashi nawa ne cikin ɗari, gwajin da ba mu da kayansa a lokacin. Na ji haushi, amma ban ce sun yi zalunci ba, ƙa'idarsu ce. Daga baya wata mujalla ta nan Afirka ta Yamma ta buga ta, kuma abin da abokan aiki suka fi yi mini magana a kai ba alƙaluman ba ne, zanen bishiyoyin gidajen nan ne.

Gano sunan ciwo daban, samun magani daban. Tun tsakiyar shekarun 1960 Judith Pool ta gano a Amurka cewa in aka daskarar da ruwan jini aka narkar da shi a hankali cikin sanyi, farin abin da ke kwantawa a ƙasa cike yake da sinadari na 8. Dabara ce mai sauƙi, amma tana son wutar da ba ta yankewa. Sauƙi ya fara zuwa mana ne bayan 2005, da aka kafa gidauniyar masu himofiliya ta Najeriya a nan Kaduna, kuma uwa ce mai 'ya'ya masu ciwon ta kafa ta, ba likita ba. Ta hanyar haɗin gwiwa da ƙungiyar himofiliya ta duniya, wadda aka kafa a 1963, mai hedikwata a Kanada, aka riƙa samun tallafin allurar sinadarin.

Cikin wannan yawo na gida-gida ne wata uwa ta riƙe mini mayafi a zaure, ta rage murya ta ce, "Likita, kullum yaran kike tambaya. Ni fa al'adata sai ta yi kwana goma, kuma kowace haihuwa sai an ƙara mini jini." Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda maganarta ta karkatar da bincikena zuwa ga mata, da ciwon da wani likita ɗan ƙasar Finlan, Erik von Willebrand, ya bayyana a 1926.