Kada Ku Bar Kunnenku na Hausa a Ƙofar Aji

Sakamakon WAEC ɗina na farko yana nan cikin wata tsohuwar ambulan a ƙasan akwati. Kiredit shida, Turanci kuwa D7. Duk wanda ya taɓa neman jami'a a Najeriya ya san fassarar wannan: in ba ka da aƙalla C6 a Turanci, sauran ko A1 ne sai dai ka manna su a bango ka riƙa kallo. Shekara guda cur na yi ina tsaron shagon kawuna a bakin kasuwa, ina awon sukari da omo, abokaina suna dawowa hutu suna ba ni labarin lacca.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙannena, ba lalaci ne ya kayar da ni ba. Da lalaci ne da na san maganinsa. Duk ajinmu an san ni da ƙamus, wani mai kauri da na gada wurin yayana, bangonsa ya rabu an ɗinke shi da zaren buhu. Bayan sallar isha'i sai in kunna fitilar ƙwai, in buɗe littafin labari na Turanci, fensir a hannu. Da na ci karo da kalmar da ban sani ba sai in tsaya, in nemo ta, in rubuta ma'anarta da Hausa a samanta da ƙananan baƙaƙe. Shafi ɗaya yakan ci mini fiye da awa. In na kai ƙarshensa, shafin ya yi baƙi ƙirin da fensir, ni kuma ko za a yanka ni ba zan iya faɗa maka wa ke magana da wa ba. Sai in rufe littafi in kwanta ina jin na yi karatu.

Wani abin dariya, a daidai wannan lokacin ni ne gwanin karanta littattafan Hausa na haya. Na ɗaya, na biyu, na uku, dare biyu na gama da su. Tun kafin marubuciya ta tona asiri na riga na gane wace kishiya ce ke ƙulla makirci. A cikinsu ma nakan haɗu da kalmomin da ban sani ba, Sakkwatanci ko sunan wani yadi na mata ko Larabci, amma ban taɓa tsayawa ba, labarin ne yake jan ni, ma'anar ta biyo baya da kanta. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa nake yi wa Turanci wani irin karatu daban ba.

Ranar da ƙamus ya fara kunyata ni a fili, gwaji ne aka yi mana na auna fahimta. Akwai tambayar nan da WAEC ba ta fashinta: a ba ka kalmomi daga cikin labarin, a ce ka kawo wata kalmar da za ta iya maye gurbin kowace ɗaya yadda aka yi amfani da ita a wurin. Ɗaya daga ciki ita ce "grave". Ni kuwa na haddace ta tuni, kabari. Sai na rubuta "tomb" ina murna. Alhali jimlar tana maganar fuskar wani likita ce lokacin da ya fito daga ɗakin maras lafiya, wato fuska ce a murtuke, mai nuna al'amari ya yi tsanani. Da na karanta jimlar da amsata a ciki, da na ji likita ya fito da kabari a fuska, da na san akwai gyara. Sharaɗin "yadda aka yi amfani da ita" shi ne dukan tambayar, ni kuma na tsallake shi saboda na yarda da hadda. Kalmar Turanci ɗaya takan ɗauki ma'ana huɗu ko biyar, kamar yadda "ci" take a wurinmu: cin tuwo daban, cin jarabawa daban, cin amana daban, cin kasuwa daban. Baƙon da ya haddace cewa "ci" na abinci ne kawai, ya zai yi da "an ci mutuncinsa"?

Daga baya na ci karo da bayanin masu binciken koyon harshe, irin su Paul Nation na New Zealand, cewa kafin mutum ya karanta labari cikin sauƙi ba tare da taimako ba sai ya san kusan kalma 98 cikin kowace 100. A shafi mai kalma 300, baƙin kalmomi su tsaya wajen shida ke nan. Shafukana kuwa talatin nake samu, wani lokaci arba'in. Ashe littattafan sun fi ƙarfina ne, girman kai ya hana ni sauka. Akwai labaran da aka sauƙaƙa musamman don masu koyo, mataki-mataki, suna nan a laburaren makarantarmu, amma ina ɗan aji shida ina ganin ƙasƙanci ne a gan ni da siririn littafi mai hotuna. Ku buɗe shafi ɗaya a tsakiyar littafi ku ƙirga. In yatsun hannu biyu ba su ishe ku ba, ku ajiye shi zuwa baɗi, ba gudu zai yi ba.

Amma babban kuskurena ba na kalmomi ba ne, kuma wani malaminmu ne ya nuna mini shi a gaban aji, Allah Ya saka masa da alheri duk da dariyar da aka yi mini ranar.

Labarin da ya kawo mana na wani attajiri ne da ke riƙon ɗan ƙanensa maraya. Duk shekara sau ɗaya yake ba yaron tsohuwar rigarsa, kuma ba ya bayarwa sai ya tara maƙwabta sun shaida. Mai ba da labarin yana ta kiransa "generous", mai kyauta, har sau uku. Tambaya: wane irin kallo marubucin yake yi wa attajirin? Ban ɓata lokaci ba na rubuta cewa yana yaba masa. Ai ga kalmar nan a rubuce, na kuma san ma'anarta.

Malam ya karanta amsata da ƙarfi, ya ajiye takardar, ya juya Hausa, abin da ba ya yi a aji.

"Kai, tashi. In Inna ta aike ka ɗebo ruwa ka fasa tulu a ƙofar gida, ta leƙo ta ce maka 'Sannu da aiki, ka kyauta', me za ka ce?"

Na ce, "Gudu zan yi, Malam."

"Don me? Ba gode maka ta yi ba?"

"Gatse ne, Malam."

"To Bature ba shi da uwa ne? Shi bai iya gatse ba?"

Aji ya kwashe da dariya. Na zauna ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma gaskiya a ranar haushinsa kawai na ji. Sai da na zauna a shagon kawu, babu abin yi tsakanin azahar da la'asar, maganar ta dawo mini. Mu da muka tashi cikin habaici da zambo da gugar zana, waɗanda tun muna yara muke gane cewa in an yabi Gizo da wayo ba lallai yabo ba ne, mu ne za mu shiga aji mu ɗauki kowace kalmar Turanci a kan fuskarta kamar takardar asibiti. Tsoron harshen ne yake toshe mana kunne. Muna ganin Turanci abin girmamawa ne, ba ya wasa, ba ya ba'a. Marubutan ƙagaggun labarai kuwa rabin sana'arsu ke nan, su faɗi abu suna nufin kishiyarsa, su bar ka ka gano da kanka. Tambayoyin da ke neman ra'ayin marubuci, ko yanayin muryarsa, ko abin da za a iya fahimta daga halin wani, duk wannan kunnen suke gwadawa. Ba a samun amsarsu a kalma ɗaya. Ana samunta ne a tazarar da ke tsakanin abin da aka ce game da mutum da abin da aka nuna yana aikatawa.

Sai kuma hadda, ciwonmu na gado. Na iya zuba maka cewa an haifi Chinua Achebe a Ogidi a 1930, littafinsa na farko ya fito a 1958, kamar mai karanta fatiha. Littafin kansa ban wuce babi na uku ba. 'Yan ƙananan takardun taƙaitawa da ake sayarwa a bakin makaranta na dogara da su, masu jero sunayen taurari da jigo da tambayoyin shekarun baya. Ina ganin yaran yanzu suna yin irin wannan da littafin da JAMB take sanyawa a karanta don jarabawar Turanci, sai dai su a waya suke samun taƙaitawar. Ba na cewa ba ta da amfani sam, tana taimakawa wajen bita bayan an karanta. Matsalar ita ce wanda ya haddace amsa, da an juya tambayar kaɗan ya ɓace. Kuma labarin auna fahimta da za a ajiye maka a zauren jarabawa ba ka taɓa ganinsa ba, babu wanda ya taƙaita maka shi. Abin da zai cece ka sabo da bin labari ne, shi kuwa ba a saye.

Wani halin nawa shi ne wa'azi. A ba mu labarin yarinyar da ta bar gida, a ce me ya sa ta tafi, sai in cika layi biyar da illar bijire wa iyaye. Labarin ya riga ya faɗi dalili a sakin layi na biyu, mai duba takarda kuma wannan dalilin yake nema, ba tarbiyyata ba. Haka nan nakan ɗauka duk inda aka ce "I" marubucin ne yake ba da tarihin kansa, har in riƙa jin haushin mutumin da bai yi komai ba illa ƙirƙiro ɓarawo ya ba shi baki. A sashen taƙaitawa kuwa jimlolin labarin nake kwafowa sukutum, ina ganin Turancinsu ya fi nawa kyau. Ya fi kyau ɗin, amma kwafe maki yake zubarwa. Gajeriyar jimlarka mai ɗingishi, in dai cikakkiya ce kuma ta ɗauko ma'anar, ta fi doguwar da ka sato.

A shekarar shagon ne abubuwa suka juya, ba kuma da wata dabara tawa ba. Wani mai sayar da tsofaffin littattafai a ƙasa yake shimfiɗa kusa da mu, a wurinsa na tsinci Burning Grass na Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, littafin kuma ya fito a 1962. Labarin Fulani makiyaya ne. Na san ruga, na san ƙanshin daji in an sa masa wuta da kaka, na san yadda ake kiran saniya da sunanta. Rabin fahimtar tana hannuna tun kafin in buɗe. Ƙamus yana gida, kawu kuma ba zai bar ni in bar shago in ɗauko ba, dole na riƙa wucewa in na haɗu da baƙuwar kalma. Ga mamakina, mafi yawansu kafin shafi biyu sun bayyana kansu. Wadda ta dawo sau uku ban gane ta ba, ita kaɗai nake rubutawa a bayan kwalin ashana in duba da dare. Kwana biyar na gama. Shi ne littafin Turanci na farko da na kai ƙarshensa a rayuwata, ina da shekara goma sha tara.

Kakata ce ta zama mai jarraba ni ba tare da ta sani ba. Da dare nakan ba ta labarin abin da na karanta da Hausa, ita kuwa ba ta barin ko-ta-kwana. "To shi wannan ɗan wa ye?" "Ba ka ce ya tafi ba, ya aka yi ya dawo?" "Me ya sa ta yi shiru?" Duk inda na yi inda-inda, nan ne ban fahimta ba, washegari in koma in sake karantawa. A nan na gano ƙananan kalmomin da nake rainawa su ne ke riƙe da labari. "He" da "she" in mutane sun yi yawa a fage, dole ka san wa ake nufi. "However" da "although" da "yet", su ne "amma" ɗinsu, abin da ya biyo bayan juyin shi marubuci yake son ka riƙe. Sai "had", wadda sau da yawa take nuna an koma baya ne ana ba da abin da ya riga ya wuce. Na taɓa karanta shafi uku na wani littafin ina mamakin yadda mahaifin da aka binne ya tashi yana ciniki a kasuwa, ashe tuna baya ake yi. Kaka ta ce ko dai aljani ne.

Ku nemi mai saurare irin wannan, ƙani ko ƙawa ko abokin hira. Ku gama babi, ku rufe littafi, ku ba da shi da Hausa. Sannan ku rubuta shi cikin jimla uku na Turancinku, ba tare da leƙe ba. Bayan haka ne tambayoyin shekarun baya suke da amfani, ku yi su da agogo a gabanku, ku fara duba tambayoyin kafin ku shiga labarin, don yanzu JAMB a kwamfuta ake yi kuma lokaci ba ya jiran mai komawa baya sau biyar.

Littafi goma sha ɗaya na karanta a wannan shekarar, galibinsu sirara, wasu ma na 'yan aji biyu ne. Da na sake zama na samu C5. Ba abin a buga ganga ba ne, amma ta buɗe ƙofar. Kwanan baya 'yar yayata da ke shirin WAEC ta zo tana binciken littattafaina, ta zaro wancan na farko mai baƙin fensir. Ta juya, ta juya, ta ce, "Kawu, me ya sa rubutun ya tsaya a shafi na 23?" Na ce ta tafi da shi, in ta gama ta zo ta ba ni labarin yadda ya ƙare, don har yau ban sani ba.