Koyil ɗin kol-rol da ya ƙi lanƙwasuwa

Duk mai ƙera ƙofofin ƙarfe, kabad na ofis ko akwatin mita a Zariya ya san ciwon sayen falle ɗai-ɗai. Yau ka ɗauki goma a Sabon Gari, jibi ka koma ka tarar kuɗi ya tashi, kuma kowane falle ƙafa huɗu ne da takwas, ko ka so ko ka ƙi. Ƙofa mai tsayin ƙafa bakwai sai ta bar maka guntun ƙafa ɗaya a kowane falle, ka tara su a lungu har 'yan gwangwan su zo su kwashe a banza. Shi ya sa da aikin kabad da ƙofofi na wata makaranta ya shigo hannunmu, ni da wani abokin sana'a muka haɗa kuɗi muka ɗauko koyil guda, wato dogon fallen ƙarfe da aka naɗe kamar tabarma, na kol-rol, farin ƙarfen da ake murzawa ba tare da wuta ba, tan 5, kauri milimita 1.0, faɗi milimita 1219, don mu riƙa yanka daidai tsawon da aiki ya nema.

Lissafin mai sauƙi ne. Murabba'in mita ɗaya na ƙarfe mai kaurin milimita 1 kilo 7.85 ne. A faɗin namu, kowace mita ɗaya ta tsawo kilo 9.57 ke nan, don haka tan 5 zai ba da kusan mita 522, wato falle 214 na ƙafa takwas. Kauri na auna da maikiromita a gefe da tsakiya, ya cika. Nauyi ya cika. Fuskar ƙarfen kuwa sumul, tana ƙyalli, babu ɗigon tsatsa. Jigila da saukewa da motar ƙugiya duk sun tafi lafiya.

A kan injin lanƙwasa abin ya fito. Yaron da ke riƙe da falle na farko ya danna don ya fitar da bakin ƙofar kabad, sai muka ji wani ɗan sauti, ƙas. Ya ɗago ya ce, "Maigida, zo ka gani." A bayan lanƙwasar, daga sama har ƙasa, ga wani siririn layi ya buɗe, cikinsa fari-fari mai tsakuwa-tsakuwa, kamar bakin fasasshiyar ƙwarya. Muka sassauta injin, muka sake da wani falle. Wannan bai tsage nan take ba, amma da aka sake shi sai ya buɗe baya, kusurwar da ya kamata ta tsaya a digiri 90 ta ƙi tsayawa. Da muka zo naɗe baki, inda ake ninka ƙarfe ya kwanta a kan kansa don kada ya yanki hannun ɗalibai, nan kam babu wanda ya tsira.

Amsar tana manne a jikin koyil ɗin tun ranar da ya iso. Wani ɗalibin sashen nazarin ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke koyon aiki a wajenmu ne ya tsuguna ya karanta takardar, ya nuna mini da yatsa: SPCC-1B. Ya ce, "Oga, wannan lamba 1 ɗin ita ce matsalar. Ba a gasa shi ba."

Ga yadda abin yake. Kowane kol-rol daga baƙin falle ya fito, wanda aka murza da zafi bayan an ɗumama curin ƙarfen zuwa wajen digiri 1200. Sai a wanke baƙin ɓawon da ke kansa a cikin ruwan asid, a tura shi tsakanin manyan rodi ba tare da wuta ba, a matse shi har kaurinsa ya ragu da rabi ko fiye da haka. Wannan matsewar ce ke ba shi santsi da kauri iri ɗaya, amma ita ce kuma ke sa shi tauri. Kowa ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya ya ji tana ƙara tauri kafin ta karye, to abin da ke faruwa ke nan a cikin fallen gaba ɗaya. Ƙwayoyin cikin ƙarfen sun miƙe sun baje ta tsawon koyil, ba su da sauran wurin miƙewa. Don a dawo masa da laushi, sai an sa shi a tandu mai zafin digiri 600 zuwa 700 da wani abu, a inda iska ba ta shiga, ya huce a hankali, sannan a sake bi ta kansa da murza kaɗan, kamar kashi 1 cikin 100, don fuska ta daidaita. A ƙarshe a shafa mai a naɗe. Namu an tsallake gashin. Irinsa masana'antun da ke shafa tutiya ne suka fi saye, don su suna da nasu tandun a layin aiki, sai masu kwanon rufi da taurin suke nema.

Haruffan nan daga ma'aunin Japan mai suna JIS G 3141 suke, kuma shi ne aka fi gani a koyil ɗin da ke shigowa daga Asiya. SPCC na aikin yau da kullum ne, sinadarin kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.15 cikin 100 ba. SPCD da SPCE na aikin da ake danna ƙarfe ya yi zurfi ne, irin kwanon abinci da jikin mota. Abin da ke bayan ɗan layin shi ne zancen tauri: S gasasshe ne mai laushi, 8 da 4 da 2 tauri ne hawa-hawa, 1 kuwa shi ne ƙarshen tauri. Harafin ƙarshe fuska ce, D mai dishi-dishi, B mai ƙyalli. Abin da mai lanƙwasa ke buƙata SPCC-SD ne. Idan koyil ɗin na ma'aunin Turai ne, DC01 za ka nema, wanda ke miƙewa aƙalla kashi 28 cikin 100 kafin ya tsinke. Mai lamba 1 ɗan kaɗan yake miƙewa ya katse. Ma'aunin Japan ɗin ma ya ce mai S dole ya ninku ya kwanta a kan kansa ba tsagewa, amma mai lamba 1 ko gwajin lanƙwasa ba a ɗora masa ba.

Na kira dillalin. Na ce, "Alhaji, kayan nan ba ya lanƙwasuwa." Ya ce, "Malam, kol-rol ka ce, 1.0 ka ce, tan biyar ka ce. Wanne ne bai cika ba?" Kuma an riga an yanke ɗauri an warware, babu zancen mayarwa. Abin da har yau ke ci mini rai shi ne, a kasuwar ƙarfe tamu daga mai sayarwa har mai saye geji, wato kauri, da nauyi kawai ake magana. Za a yi awa guda ana ja-in-ja a kan 0.9 ne ko 1.0, amma ba za ka ji an ambaci tauri ba, alhali shi ne ke yanke hukuncin ko kayan zai yi maka aiki. Ƙyallin nan ma da ya burge ni, da na ɗauka alamar nagarta ce, shi ne harafin B.

Gwajin da zai raba gardama bai kai minti biyar ba, kuma tun a gaban mai kaya ake yin sa. A yanko guntaye biyu masu faɗin yatsa biyu daga bakin koyil, ɗaya ta tsawo, ɗaya ta faɗi. A matse kowanne a bais, wato abin matse ƙarfe na kan teburin aiki, a lanƙwasa da guduma har ya ninku ya kwanta. Gasasshe zai kwanta lumus, bayansa sumul. Wanda ba a gasa ba tun a hannu za ka ji yana turjewa yana dawowa. Dole a yi ta ɓangarorin biyu, domin ƙarfen da aka murza ya fi saurin tsagewa idan layin lanƙwasa ya bi tsawon koyil, wato ya bi hanyar murzar. Mu ma haka muka gani: gajerun lanƙwasa na sama da ƙasa, waɗanda suka ratsa faɗi, wasu sun tsira, amma dogayen gefen ƙofa kusan duk sun buɗe. Wanda ya gwada ta ɓangare ɗaya kawai zai iya biyan kuɗi da murna ya zo shago ya ga abin da muka gani.

Mun gwada ceto shi. Idan ka bi layin lanƙwasa da wutar gas har ya yi ja kaɗan, ka bar shi ya huce da kansa, wurin zai yi laushi ya lanƙwasu. Amma falle mai milimita 1 ba ya jure wannan, sai ya kumbura ya karkace, ɓawo ya fito, santsin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi, ga kuɗin gas. A guntu ɗaya ko biyu ana iya yi, a kabad ɗari kuwa ɓata lokaci ne. Faɗaɗa kusurwar lanƙwasa ya rage tsagewa, sai dai bakin kabad ya daina haɗuwa da kyau. Haka muka koma muka sayi gasasshen falle ɗai-ɗai muka gama aikin makarantar, ribar da muka yi lissafi ta narke a nan. Wuƙar injin yanka ma ta dakushe da wuri, bakin dirila haka.

Koyil ɗin bai zama asara gaba ɗaya ba. Duk inda falle zai kwanta a miƙe a kan firam na bututu mai kusurwa huɗu, kamar fuskar get, bayan kabad da rufin teburin aiki, yana yi, har ya fi gasasshe jure duka ba tare da ya loɓa ba. Sai dai kada a ruɗu da wannan. Abokin nawa ya so mu riƙa gaya wa masu saye cewa ƙofar ta fi ƙarfi, ba za ta yi lilo ba. Ba haka ba ne. Tauri yana hana loɓawa ta dindindin, amma yadda falle ke lanƙwashewa ya dawo idan an tura shi, wannan kusan ɗaya ne a mai tauri da mai laushi. Kauri ne ke riƙe da shi, kuma ba kaɗan ba: falle mai 0.8 rabin ƙarfin tsayuwar mai 1.0 kawai yake da shi. Mai son ƙofar da ba ta rawa ya ƙara kauri ko ya ƙara ƙarfen tsakiya.

Wajen warwarewa ma taurin ya nuna kansa. Ramin tsakiyar koyil yawanci milimita 508 ne ko 610, muka zura ƙaton bututu muka ɗora a kan ƙafafu. Kafin a yanke ɗaurin ƙarfen, a tabbata bakin koyil yana ƙasa, nauyi ya danne shi, kuma kowa ya tsaya a gefe, kada wani ya tsaya ta gaba. Wanda ba a gasa ba yana zabura da ƙarfi, bakinsa kuma reza ne. Ko an yanka, fallen yana riƙe da gantsarewar naɗi, musamman na can ciki kusa da rami, sai an bi da shi ta rodin miƙarwa ta ɗaya fuskar.

Da yake ya daɗe a shago fiye da yadda muka tsara, damina ta same shi, kuma watan Agusta a Zariya ba ya wasa da farin ƙarfe. Kol-rol ba shi da ɓawon baƙin falle, ba shi da tutiya, ɗan man nan ne kaɗai kariyarsa. Mun ɗora shi a kan katako, nesa da ƙasa da bakin ƙofa. Kada a naɗe shi ruf da tamfol har ƙasa, don da dare zai yi gumi a ciki, ruwan ya shige tsakanin naɗi, inda ba zai bushe ba kuma ba za ka gani ba sai ka warware. A rufe sama, a bar iska ta ratsa, a riƙa shafa mai a gefuna biyu. Hannu mai gumi ma yana barin shatar yatsu ta tsatsa a falle da aka goge.

A walda kuma, sandar geji 12 ta yi wa milimita 1 girma idan wuta ta yi sama, nan take za ta huda. A rage wuta, a riƙa ɗiga ɗigo-ɗigo ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan don kada zafi ya taru wuri ɗaya. A mai lamba 1, duk inda walda ta taɓa wurin ya gasu ya yi laushi, sauran jikin yana nan da taurinsa, shi ya sa yake saurin murguɗewa idan aka ja dogon layi. Kafin fenti a goge man tas da tina, wato ruwan tsinka fenti, a ɗan bi fuskar da samfefa tunda mai ƙyalli ba ya riƙe fenti kamar mai dishi-dishi, sannan a sa jan fenti na ƙasa a ranar, kada a bari ya kwana tsirara.

Yanzu idan zan yi odar koyil, a takarda nake rubutawa: SPCC-SD ko DC01, kauri, faɗi, nauyi, da mai a jiki. Sai an turo mini hoton takardar da ke manne a koyil ɗin da shaidar gwajin masana'anta, na ga lambar koyil ɗaya ce a duka biyun, sannan in tura yaro da almakashin ƙarfe da guduma ya ninka guntaye biyu a gaban mai kaya kafin kuɗi ya fita.