Wayar araha da lambobi 15

Jiya bayan isha'i muna zaune wurin mai shayi nan Agege, sai wani ƙanenmu mai sayar da albasa a Mile 12 ya zaro wata dalleliyar waya yana ta washe baki, wai a ƙarƙashin gadar Ikeja ya saye ta rabin kuɗi, ba kwali ba rasit. Na ce kai ka san ta wacece kuwa? Ya ce haba Yaya, ai an yi mata filashin, tsohon sim ɗin ma an jefar, wa zai gane?

Na ce miƙo. Na danna *#06#, lambobi 15 suka fito, na ce to ga sunanta na yanka, IMEI, filashin ba ya taɓa shi. Duk sim ɗin da ka saka, kamfanin layi na rubuta wannan lamba tare da layinka da eriyar da ke ba ka sabis, kuma tun Disamban 2020 gwamnati ta ce kowane layi a haɗa shi da NIN, ka ga kenan har hotonka.

Ni abin da ya fi ba ni mamaki da masu binciken laifi, ba kira ɗaya suke kallo ba, ɗabi'a suke bi. Su baje bayanan wata uku a kwamfuta su ga ina wayar ke kwana kullum, wa ake fara kira da asuba, wane layi ne ya mutu ran Talata wani sabo ya tashi ran Laraba a unguwa ɗaya yana kiran mutanen nan dai. Mutum zai canja layi sau goma amma ba zai daina kiran babarsa ba ai. Saƙon da ka goge kuwa yana nan a wayar wanda ka tura wa.

Hushpuppi ma, ɗan damfarar intanet ɗin nan na Legas, da aka kama shi a Dubai a Yunin 2020 har hotunansa na Instagram hukumar binciken Amurka, FBI, ta yi aiki da su wurin tabbatar da shi ne, ƙarshe kotun Amurka ta ba shi wata 135. Nan gida kuma sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar abin da aka ciro daga kwamfuta.

Yaro dai shayinsa har ya huce bai sha ba. Can ya ce gobe da sassafe zai mayar da ita. Na ce shagon mutumin fa, lamba nawa? Ya ce ai ba shago, a tsaye ya same shi.