Samfurin gidan Rose Seidler: aiki ya kai ga ƙasa da itatuwa

'Yan uwa masu koyon haɗa samfurin gini da kwali, ga inda aka kwana. Gangar jikin gidan ta tsaya, saura filin da zai zauna a kai, kuma a nan ne gumin yake.

Ga waɗanda ba su san shi ba, gida ne da Harry Seidler ya zana wa iyayensa, Rose da Max, a unguwar Wahroonga da ke arewacin birnin Sidni a Ostareliya. An gama shi a 1950, ya ci lambar yabon zanen gini ta Sulman ta 1951, yanzu kuma gidan tarihi ne da jama'a ke shiga su gani. Seidler ya yi karatu a hannun Walter Gropius, ya yi aiki da Marcel Breuer, dukansu manyan masu zanen gini na zamani, shi ya sa za ku ga rufi a shimfiɗe da gilashi daga ƙasa har sama.

Na ɗauki ma'aunin 1:100, wato santimita ɗaya a madadin mita ɗaya. Bango da rufi ba su ba ni wahala ba: farin kwali, reza mai kaifi, rula ta ƙarfe. Tagogi kuwa da roba mai garai-garai ta murfin kwalin kaya na yi su. Ku rage gam a wajen, don tabonsa ba ya fita.

Filin ne ya cinye mini lokaci. Benen a ɗage yake bisa siraran ginshiƙai, kuma ba ya ɗaukar ido sai an ga gangaren da ke ƙarƙashinsa da dajin da ya kewaye shi, kusa da gandun dajin Ku-ring-gai. In ka ɗora shi a kan allo shafaffe, akwati kawai ka yi. Don haka nake jera kwali mai kaurin milimita 5 hawa-hawa, kowane hawa rabin mita ke nan a ƙasa. Doguwar hanyar nan mai gangara da ke hawa zuwa baranda, da katangun dutse da suka miƙe daga jikin gidan, sai da ƙasar ta zauna sannan na san tsawon da zan yanka musu.

Itatuwan wajen galibi dangin bishiyar turare ne, irin wadda muke gani a makarantu da bakin titunanmu. Na tsaya na ƙare wa ɗaya kallo: doguwa ce, ganyenta tsilli-tsilli, haske na ratsa ta. Soso ya yi mata cunkoso da yawa. Wayar tagulla da aka murɗa, a shafa gam kaɗan a barbaɗa garin katako mai launi, ta fi kama.

Zanen launuka da Seidler ya yi da hannunsa a bangon baranda na bar shi sai ƙarshe. Wanda ya taɓa fenti a fili ƙarami haka, da buroshi ya yi ko a takarda ya zana ya manna?