Na karanta kiɗa a jami'a, ga inda ake cin abinci da shi

Ranar da na gaya wa Baba cewa kiɗa na cike a fom ɗin JAMB, rage muryar rediyonsa ya yi, ya ce, "Yanzu roƙon ma sai an je jami'a?" Ba gatse ba ne, tsakani da Allah yake tambaya. A saninsa kiɗa gado ne: ɗan makaɗi ya taso yana bin ubansa, ya fara da amshi, a ba shi ƙaramar ganga, wata rana ya gaji babbar. Mu kuwa 'yan kasuwa ne kaka da kakanni. Baffana, wanda malamin firamare ne, shi ya sa baki. "Yaya, a bar shi ya gwada. Ko Shata ai Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa." Baba ya ce Shata dai bai zauna a aji ba. Aka yi dariya, aka bar ni na tafi, bisa sharaɗin kada a ji sunana a bakin maroƙa.

Matsalar farko ita ce inda za a je. A ABU Zariya da Jami'ar Bayero akwai sashen wasan kwaikwayo, kiɗa kan shigo ciki amma ba shi ne uwa ba. Sassan Hausa kuma suna nazarin waƙar baka sosai, su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, sai dai ta fuskar adabi: salo, jigo, zubi. Wanda ke son kiɗan kansa, yawanci kudu yake nufa. Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen kiɗa a Nijeriya, a 1961. Akwai na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, akwai makarantar MUSON a Legas mai ba da difloma. Wasu kwalejojin ilimi suna ba da NCE a kiɗa, shekara uku, daga nan mutum ya shiga jami'a a aji biyu. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. Ni kudu na yi.

Kafin na tafi na ɗan iya fiyano irin na sitidiyo, wanda ake koya da kunne, har unguwa ana ce mini gwani. Makon farko ya sauke mini wannan girman kai. Yawancin 'yan ajinmu a ƙungiyar mawaƙan coci suka tashi, tun suna yara suke rera do-re-mi daga takarda. Ni ban taɓa ganin layukan nan biyar da ake rubuta sauti a kansu ba sai a bangon littafi. Darasin horar da kunne ya fi kowanne ba ni wuya: malami ya zauna a fiyano, ya buga gajeren kiɗa sau uku, ku rubuta abin da kuka ji, babu waƙe-waƙe, babu taɓa komai. Kunnena yana kamawa sarai, hannuna ne bai san inda zai ajiye ɗigon ba. Ga darasin jera muryoyi huɗu, mai dokoki kamar lissafi. Fiyano dole ne ga kowa, sannan ka zaɓi abin kiɗanka na musamman, ka shiga ƙungiyar kiɗan gargajiya, ka shiga ta mawaƙa. Duk wanda ya zo da tunanin hutu zai yi daga karatu, zangon farko yake neman canjin kwas.

Daga aji biyu zuwa uku hanya take rabuwa, kuma nan ne ainihin zaɓin, ba wurin cike fom ba. Akwai masu bin ƙwarewa a abin kiɗa ko murya, waɗanda jarrabawarsu ta ƙarshe ita ce su hau dandamali su yi wasa gaban malamai. Akwai masu tsara kiɗa, akwai masu koyarwa, akwai masu nazarin kiɗan Afirka, akwai ɓangaren na'ura da ɗaukar sauti. Kowa ɓangaren farko yake sha'awa, don shi ne mai tafi. A ganina shi ne kuma mafi ƙuncin kasuwa ga ɗan Arewa. Ka ƙware a goge irin na Turawa ka dawo Katsina, wa zai kira ka? Wanda ya fara abin tun yana shekara bakwai kuma yake shirin zama Legas ko Abuja, wannan daban. Ni nazarin kiɗan Afirka na ɗauka, na kwashi duk darasin na'ura da aka yarda in ɗauka.

Abin da ya tabbatar mini da wannan zaɓin wani malaminmu ne da ya ce in kawo bincikena daga gida. Na zaɓi kalangun mahauta. A hutu na riƙa zuwa wurin wani tsohon makaɗi, muna zama a zaurensa bayan la'asar. Ya saƙale kalangun a hammata, ya matse tsarkiyar da damtse sauti ya hau, ya saki ya sauka, ya buga taken wani Sarkin Fawa da ya rasu tun ban zo duniya ba. Ya ce, "Ɗana, me ya ce?" Na ce ban ji ba, Baba. Ya faɗi kirarin da baki, ya sake bugawa, sai ga maganar nan ƙarara, hawa da saukar muryar Hausa gaɓa bayan gaɓa. Da na zo rubutawa kuwa, layuka biyar suka gaza. Kalangu ba ya tsalle daga sauti zuwa sauti kamar fiyano, zamewa yake yi a tsakani, kuma ma'anar tana cikin zamewar. Sai da na riƙa ja wa ɗigon 'yan layuka masu lanƙwasa, na rubuta kalmomin a ƙasa. Abokaina da suka fi ni karanta takarda babu wanda zai iya wannan aikin, saboda ba su ji Hausa. Ranar kare binciken, tambayoyin malamai sun fi na kowa yawa a kaina, kuma na sha'awa ne.

To, batun abinci. Aikin da ya fi tabbas shi ne koyarwa. A firamare da ƙaramar sakandare an haɗa kiɗa da zane da wasan kwaikwayo a darasi guda, kuma makarantun kuɗi na Abuja da Kaduna da Jos suna neman wanda zai koyar da fiyano ya shirya yara ranar bikin yaye ɗalibai. Albashin ba wani abin a zo a gani ba ne, darasin gida da iyaye ke biya daban shi ke cike giɓin. Wanda bai karanci koyarwa ba sai ya ƙara da diflomar koyarwa ta bayan digiri, wato PGDE, ya yi rajista da hukumar malamai. Sai badujala: soja da 'yan sanda duk suna da nasu makaɗa, da albashi da fansho, kuma can karanta takarda ba zaɓi ba ne. Wani abokina tun a sansanin bautar ƙasa ya shiga 'yan badujala, daga nan ya gane hanyarsa. Abokanmu Kiristoci coci ta riƙe da yawansu. Masu son bincike suka koma digiri na biyu.

Ni sitidiyo na faɗa, a Kano, inda digiri ba ya burge kowa. Yaran da ke kan FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, tun suna sakandare sun fi ni sauri nesa ba kusa ba, kuma sai da na zauna na koya a hannunsu. Inda karatuna ya yi rana shi ne wurin da saurinsu ya ƙare. Mawaƙi zai zo da waƙa a waya, ya rera ta a gida ba kiɗa. A ɗora masa kiɗa a sautin da ya dace da muryarsa, sai mai amshi ta shiga ɗakin ɗauka ta kasa kaiwa sama, tana ta maƙurewa, mai na'ura yana ƙara mata gyaran murya har ta koma kamar ta ƙarfe. Na ce a sauke kiɗan gaba ɗaya da taki biyu, a ba namijin baitinsa a sama. Cikin minti goma aka gama abin da aka yini ana fama. Daga irin wannan aka fara kirana gyaran waƙoƙin biki, sai tallan rediyo, sai kiɗan bayan fage na finafinai masu dogon zango, wanda tun zuwan Arewa24 a 2014 da tashoshin YouTube ya zama sana'a mai zaman kanta. Shi wannan aikin yana son wanda ya san yaushe garaya za ta shigo, yaushe za a bar wurin shiru. Lokacin zaɓe kuma kowa ya san yadda sitidiyo ke cika, sai dai ni kuɗina nake karɓa kafin waƙar ɗan takara ta bar kwamfuta.

Darasin da muka fi rainawa a makaranta shi ne na kasuwancin kiɗa da haƙƙin mallaka, ga shi yanzu kusan kullum sai na yi amfani da shi. A nan al'adar ita ce a biya mai kiɗa kuɗin zama, shi ke nan, ko waƙar ta shekara tana kawo kuɗi a intanet. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta taɓo har abin da ake ɗorawa a intanet, amma ba za ta yi wa mutum rigimar da bai rubuta komai a kanta ba. Ni takarda ce da ni mai shafi ɗaya, da Hausa: wa ya rubuta baiti, wa ya yi kiɗa, sayarwa aka yi gaba ɗaya ko kaso za a riƙa rabawa, kuma a tashar wa za a ɗora. Wasu mawaƙan suna ganin rashin yarda ce su tafi wani wuri. Waɗanda suka taɓa ganin waƙarsu a tashar wani suna zuwa da bironsu.