Riƙon yaro ta hannun gidan marayu mai zaman kansa: inda kuɗi ke tafiya da inda ake faɗawa rami

Ma'auratan da Allah bai ba su haihuwa ba a Garwa, Marwa ko Ngaundere, da sun fara neman yaron da za su riƙe, sai masu cewa "na san hanya" su fito. Wani ya ce akwai gidan marayu da ya sani, wata ta ce akwai ungozomar da za ta shirya komai cikin mako biyu. Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne, a Kamaru gidan marayu mai zaman kansa ba shi da ikon ba ka yaro ya zama naka a doka. Aikinsa kula da yaron, shi ma sai da izinin ma'aikatar kula da jin daɗin jama'a. Ma'aikatar ce ke bincike, kotu ce ke yanke hukunci. Duk wanda ya ce zai tsallake waɗannan biyun, ka bar shi da hanyarsa.

Akwai abin da ya faru a maƙwabta da ya isa darasi. A Oktoban 2007 aka kama 'yan wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé a Abeche, ƙasar Chadi, suna shirin ɗora yara 103 a jirgi. Sun ce marayun Darfur ne, har an naɗe wa wasu bandeji na ƙarya. Bincike ya nuna yawancinsu 'yan Chadi ne daga wajen Adre da Tine, kuma suna da iyaye ko dangi a raye, waɗanda aka gaya musu makaranta za a sa yaran. Iyalai a Faransa da za su karɓi yaran sun riga sun biya dubban yuro da kyakkyawar niyya. Kotu a Njamena ta yanke wa mutum shida shekara 8 da aiki mai tsanani, kafin Shugaba Idriss Déby ya yi musu afuwa a Maris 2008. Daga ina yaro ya fito, wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi.

Saboda haka a fara daga ofishin jin daɗin jama'a na yankinku, kafin ma a ga fuskar yaro. Za a nemi takardar aure, takardun haihuwarku, katin shaida, takardar likita, shaidar abin da kuke samu, da takardar kotu mai nuna ba ku da tabon laifi. Wannan ta ƙarshen wata uku kawai take aiki, don haka kada a ciro ta da wuri, ta mutu kafin sauran su haɗu. Ma'aikaciya za ta zo gida ta ga inda yaron zai kwana, ta yi magana da mai gida da uwargida. A gidan da ke da mata biyu ko uku, a daidaita maganar a cikin gida tukuna, domin kishiyar da ba ta yarda ba takan nuna a fuska, kuma yaron ne zai sha wahalar daga baya. Dokar da ake bi a yankunan arewa tana son mai nema ya haura shekara 40, ko kuma ma'aurata su shekara 10 da aure, ɗayansu ya haura 35, ba su da ɗa na cikinsu, kuma su girmi yaron da shekara 15.

Kuɗin halak a wannan hanya ƙanana ne amma suna da yawa: kan sarki na sefa 1,500 a kan kusan kowace takarda, tabbatar da kwafi, gwajin asibiti, kuɗin shigar da ƙara, mota zuwa kotu duk lokacin da aka ɗage zama, sai ladan lauya wanda shi ne babba, kuma a yi cinikinsa a rubuce tun farko. Kowane ɗaya yana da rasit. Kuɗin da ake kira "na gode wa uwar yaro" ko "na hanzarta fayil" ba shi da rasit, kuma da zarar an biya don a karɓi yaro, maganar ta koma safarar mutane, wadda dokar Kamaru ke hukuntawa da ɗauri. In kuna son taimakon gidan marayu da buhun shinkafa ko sabulu, ku yi, amma kada ya zama sharaɗi.

Inda aka fi lalata wa yaro rayuwa shi ne takardar haihuwa. Wasu don gudun surutu sai su je ofishin magajin gari a rubuta cewa uwar riƙo ce ta haife shi. Wannan jabu ne a doka, kuma a addini ya saɓa wa ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab, da suka ce a kira su da sunan ubanninsu. Ga Musulmi, riƙo da tallafi su ne hanya, nasaba ba ta canzawa, kuma a gaya wa lauya haka tun ranar farko don ya nemi hukuncin da ya dace. Yaron da ba shi da takarda ko wa'adin yin rajista ya wuce, kotu ce ke ba da hukuncin da ake yi masa sabuwa da shi. Kada a yi sakaci da wannan, domin ba tare da ita ba zai sha wahalar zama jarrabawar CEP ta kammala firamare. Idan tsintacce ne, rahoton 'yan sanda ko jandarma na ranar da aka same shi ya kasance cikin fayil. Idan yana da dangi, yardarsu ta zama a rubuce, gaban jauro ko lawan da shaidu, sannan a kai ta hukuma.

Babban kashe kuɗin yana zuwa ne bayan yaro ya shigo gida. Jaririn da ba ya shan nono yana buƙatar kusan kilo 20 na madarar gwangwani a wata shida na farko, wato gwangwani 50 masu gram 400. Idan aljihu ya yi zafi sai a fara tsinka madarar da ruwa, yaro ya rame, ko a haɗa da ruwan da ba a tafasa ba, gudawa ta kama shi, musamman a zafin Maris da Afrilu. Rigakafi kyauta ne: a haihuwa, sai mako 6, 10, 14, da wata 9 da 15. A karɓi katinsa daga gidan marayun, in babu a kai shi asibiti su tsara.

Maganar muharramci kuma a yi ta tun yana cikin zanen goyo. A mazhabar Malikiyya shayarwa ko sau ɗaya ce cikin shekara biyu na farko tana kafa dangantaka, don haka in uwar riƙo ko 'yar'uwarta tana da nono, a tambayi malam yadda za a yi, bayan gwajin lafiya. A Musulunci ɗan riƙo ba ya cin gado, kuma nan ne ake korar yara daga gida kafin a yi sadakar arba'in. Mai gida yana da damar yi masa kyautar fili ko ɗaki yana raye, a mallaka masa a hannu, ko ya yi masa wasiyya da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya ba. A rubuta, shaidu biyu su sa hannu, a ajiye kwafi wajen limami da wajen wani amintacce da ba ya cikin magada.